Woshar gefe uku na tarar a buhun injin Perkins: huɗu ne, ko haka ya zo?

Ɗan Garejin Funtua:

Assalamu alaikum iyayen gida da abokan sana'a. Ina neman wanda ya saba da injin Perkins 4.236 ya fitar da ni daga duhu. Yau kwana biyu ke nan aiki ya tsaya mini cak a kan wani ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba.

Tarakta ce Massey Ferguson 375 ta wani Alhaji manomi daga wajen Dandume. Ba ni na kwance injin ba, kuma tushen wahalar ke nan. Tun bayan girbi aka kai ta wurin wani mai gyara, ya wargaza injin gaba ɗaya, sai suka saɓa da Alhaji a kan kuɗi, aikin ya kwanta wata huɗu. Ranar da aka kawo mini, daga bayan a-kori-kura aka sauke shi: bulok daban, kan silinda daban, karanshaf a naɗe cikin tsohon bargo, sauran tarkacen a buhunan taki uku, sai bokitin fenti ɗaya cike da notuna da kusoshi. Ƙurar hunturu ta haɗu da baƙin mai ta daskare a jikin komai kamar kwalta. Da wani ne da na ce a mayar wa wanda ya kwance, amma Alhajin abokin mahaifina ne, ba ni da bakin cewa a'a.

Ni da yarana biyu muka kwana uku muna wanki da man gas da buroshi. Muka shimfiɗa kwali a ƙasa muka jera komai. Na kai karanshaf aka yanka shi zuwa 010, wato aka rage kaurinsa da 0.010 na inci, aka buga sabbin silif, wato rigar cikin silinda, na sayo fistin da ringi da metal (matashin ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai) da gaskit a haɗe cikin kwali ɗaya. Sai da na zo ɗora karanshaf na lura cewa a cikin kwalin nan babu woshar gefe, wato ƙarfen nan mai siffar jinjirin wata da ke zama a gefen metal na tsakiya, wanda masu sayar da kaya ke kira turos wosha. Na koma kan tsofaffin da muka wanke. Uku na samu. Biyu bakinsu sumul, ɗaya kuma yana da ɗan kunne a tsakiyar bayansa.

Mun zazzage buhunan nan uku har muka juya cikinsu waje. Mun tace bokitin fenti da rariya. Na sa ƙaramin yaron ya share garejin da tsintsiya yana jan maganaɗisun tsohuwar lasifika a cikin sharar. Babu na huɗu. Na kira wanda ya kwance injin sau biyu, da fari ya ce duk abin da ya ciro yana cikin buhu, na biyun bai ɗaga ba.

Ga inda kaina ya ɗaure. Na sa marasa kunnen nan biyu a bulok, ɗaya gaba ɗaya baya, na ɗora karanshaf a kan sabon metal, na tura shi da sukundireba na zura fila geji, siraran ƙarafan nan na auna tazara. Mai lamba 0.35 ya shiga da ɗan tauri, 0.40 ya ƙi. Abin da na sani shi ne wasan gaba da baya na wannan inji bai kamata ya haura 0.38 na milimita ba. Ke nan da biyu kacal ma awo ya fita. To na ukun fa? Ko dai guda biyu ne na injin, na ukun ya shigo ne daga wani aikin a garejin can? Ko kuwa huɗu ne ɗaya ya ɓata?

Na taɓa haɗa irin wannan injin tare da maigidana lokacin ina koyo, amma shi ya riƙa haɗa ƙasan da hannunsa, ni miƙo sifana ne aikina. Injinan da na fi taɓawa tun da na buɗe nawa wurin na janareto ne da na niƙa.

Alhaji yana kira safe da yamma. An yi yayyafi shekaranjiya a wajensu, mutane sun fara biyan kuɗin haro, shi kuma taraktarsa na kan itace a garejina. Idan na sa ukun da nake da su na rufe, me zai faru? Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya taimaka.

Sarkin Sifana:

Wa alaikumus salam. Oga, kai ma dai da neman wahala. Ka auna, awo ya fita, me ya rage? Akwai injina da dama da rabi biyu kawai masana'anta ke sa musu, a bulok, murfin da ke danne karanshaf a kan metal ba shi da komai, kuma suna shekaru suna aiki. Ni na haɗa na ƙananan motoci irin haka ba adadi. Ka sa biyun a sama, mai kunnen ka sa shi duk gefen da ya zauna, ka ɗaure murfi ka ba Alhaji motarsa ya je ya kama kuɗin damina. Idan ka tsaya jiran wosha ɗaya har ruwa ya zauna, ba zai tuna kirkin da ka yi masa ba, asarar da ya yi zai tuna.

Tsohon Fita:

Ɗana, kada ka rufe injin nan. Ajiye sifana ka karanta wannan tukuna.

Huɗu ne. Karanshaf ɗin 4.236 a kan metal biyar yake kwance, na uku wanda ke tsakiya shi ke ɗauke da woshar gefe. Marasa kunne biyu na bulok ne, masu kunne biyu na murfi ne. A kowane gefe, rabi na sama da rabi na ƙasa ke haɗuwa su zama zobe guda. Ɗauki murfin tsakiyar nan ka juya shi a hannunka, za ka ga an sassaƙa masa gurbi a fuska biyu, kowanne da ɗan ramin da kunne ke shiga. Da guda biyu ne na injin, da ba a ɓata lokaci an yi wa murfin wannan gurbi ba. Shaidarka tana hannunka.

Maganar da Sarkin Sifana ya yi ba ƙarya ba ce, akwai injinan da rabi biyu kaɗai gare su. Amma su an yi musu abin da zai riƙe su, ko dai woshar da kanta tana da kunne, ko kuma fuskar murfin ta fi faɗi ta tare bakinta. A naka ba haka ba ne. Rabin sama na wannan inji babu abin da ya kama shi. Zaune kawai yake a gurbinsa, bakinsa biyu sun tokare da bakin rabin ƙasa, shi kuma na ƙasan kunnensa ne ya maƙale a murfi. Wato ɗan kunnen nan da kake gani shi ke hana zoben duka juyawa. In ka cire rabin ƙasa a gefe ɗaya, ka bar wa na saman hanya a buɗe ke nan. Da zarar inji ya tashi, karanshaf zai ja shi ya gangaro da shi cikin gurbin da babu kowa, ya yi ta zagayawa da shi yana cinye shi, ran da ya sirance ya sulale ya faɗa kaskon mai da ke ƙasan inji.

Shi ya sa awonka ya yaudare ka. Fila geji kauri yake gani, ba ya ganin abin da ke riƙe da woshar. Inji a tsaye, rabi ɗaya ma ya isa ya tare karanshaf ya ba ka lamba mai kyau.

Yanzu ka duba abin da ke ƙarƙashin wurin. Irin na tarakta yana da balansa a cikin kasko, ƙarafa biyu masu nauyi da ke juyawa ninki biyu na gudun inji don kashe girgiza, kuma famfon mai a jikinta yake. Wosha ta faɗo a kan haƙoran nan, ka san sauran labarin. Ko da ta wuce su lafiya ta kwanta a ƙasan kasko, karanshaf ya rasa abin jingina. Duk sanda direba ya taka kuloci, ƙarfin sifirin ɗin kulocin gaba yake tura karanshaf, kuma kulocin tarakta ba irin na ƙaramar mota ba ne. Kuncin karanshaf zai hau gogar jikin murfi da bulok, ƙarfe da ƙarfe. Garin ƙarfen ya bi mai ya shiga sabon metal ɗinka. Kwanrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ya fara cin gefe, robar mai ta baya ta fara zuba, kuloci ya daina saki sosai, giya ta riƙa ƙara. Na taɓa ganin bulok da karanshaf ya yi wa rami a nan har yatsa yana faɗawa. Aka nemi wani bulok ɗin, ba a gyara ba.

Kuma ka tuna kaskon tarakta ba gwangwani ba ne da za ka kwance da sifana ɗaya kana kwance a ƙasa. Zubin ƙarfe ne mai nauyi, yana cikin ƙashin bayan motar. Abin da za ka yi yau cikin minti biyar inji na kan benci, gobe sai ka tokare mota, ka sauke kasko, ka sauke balansa, a gona, cikin taɓo.

Ga abin da zan ce ka yi. Kada ka nemi rabi ɗaya ka cike gurbi, sayi huɗun sababbi. Awonka na 0.35 ya riga ya gaya maka tsofaffin sun kusa ƙarewa, tsakaninka da iyaka bai kai kaurin takarda ba, kuma injin bai yi aikin awa ɗaya ba tukuna. Wajen sawa, fuskar da ke da tsagi, mai laushin nan, ita ke kallon karanshaf. Bayan ƙarfen shi ke jingina da bulok da murfi. Tsagin hanyar mai ce. Yara da yawa suna juya ta baibai, kuma awo zai fita daidai, sai bayan wata biyu a ji labari. Ka shafa musu mai, na murfin ka ɗan manna su da giris kaɗan a baya don kada su zame lokacin da kake saukar da shi.

Awo kuma ba a yinsa murfi a kwance a gefe. Ka ɗaure murfin yadda littafi ya ce, ka sa ƙarfe ka tura karanshaf baya iyakarsa, ka dawo da shi gaba iyakarsa, sannan ka auna. Idan za ka sami aron agogon awo mai allura ka kafa shi a hancin karanshaf, ya fi fila geji gaskiya. Dole ya kasance da ɗan wasa, don ƙarfe na kumbura in ya yi zafi, amma kada ya haura 0.38 ɗin da ka faɗa, wato 0.015 na inci.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Ina ta huɗun ta tafi? Ban yarda a rufe inji ba a san amsar nan ba. Ko dai ta ɓata a garejin wancan, wannan da sauƙi. Ko ta faɗi tun injin na aiki, wannan kuwa zai bar tabo: duba kuncin karanshaf na bayan metal na uku, ja farcenka a kai, duba fuskar murfin ta baya, duba haƙoran balansa da rariyar famfon mai. Ko kuma, na uku, tana nan a maƙale cikin wani abu da kake shirin ɗaurawa. Wannan na ukun shi ke hana ni barci.

Ɗan Garejin Funtua:

Baba, Allah ya ƙara girma, Allah ya jiƙan mahaifa. Wallahi ina gama karantawa na tashi na ɗauko murfin. Gurbi biyu, rami biyu, kamar yadda ka faɗa. Kwana biyu ina juya ƙarfen nan a hannuna ban gani ba, don hankalina duk yana kan bulok.

Na duba abubuwan da ka lissafa da tocila. Fuskar murfin ba ta da ciwo, gaba da baya. Haƙoran balansa lafiya, babu wanda ya gutsure. A rariyar famfo babu ɓarɓashin ƙarfe, sai wani guntun tsohon gam. Kuncin karanshaf na gaba sumul kamar madubi. Na baya yana da zane-zane sirara masu zagaye, farce yana jin su amma ba ya maƙalewa. Na kuma lura da wani abu da ban kula da shi ba da farko: cikin marasa kunnen nan biyu, ɗaya tsaginsa ya fito raɗau, ɗayan kuwa ya kusa shafewa. Mai kunnen da nake da shi kamar sabo yake.

Na hura bulok da iska ta kowane rami, na leƙa bayan kamshaf, na girgiza balansa a kunnena. Ban ji komai ba.

Sarkin Sifana, na gode da shawara, na san sauƙi kake nema mini. Amma Alhajin nan idan motar ta tsaya masa a tsakiyar gona, gidanmu zai zo ba gareji ba.

Mai Shagon Kayan Tarakta:

Salamu alaikum. Ni ba makaniki ba ne, sayar da kayan nake yi, bari in tsoma baki ta ɓangarena.

Na farko, rashin woshar a cikin kwalin da ka saya ba lallai cuta ba ce. Wani haɗin yana zuwa da ita, wani ba ya zuwa da ita, daban ake saye. Ku makanikai ba kwa tambaya sai kun koma gareji.

Na biyu, kafin ka taso ka goge lambar injin a jikin bulok ka karanta haruffa biyun farko. LD shi ne 4.236. LF shi ne 4.248. LM kuma 4.41, wanda ake yawan samu a cikin 375 ɗin da ake ƙerawa a Pakistan. Mutane suna zuwa su ce mini "injin 375" kawai, alhali lambar da ke jikin bonet ba ta gaya maka abin da ke ciki, balle motar da ta shekara talatin tana canza hannu. Tunda ka riga ka buga silif kuma fistin ya shiga, da alama ka dace, don faɗin silindar 4.236 milimita 98.4 ne, sauran biyun sun kai wajen 101. Amma dai ka duba.

Na uku, woshar iri biyu ce: daidai-wa-daida, da mai ƙarin kauri na 0.0075 na inci, wajen 0.19 na milimita. Mai ƙarin kaurin don karanshaf ɗin da kuncinsa ya ci ne ko aka gyara masa fuska. Shawarata ka ɗauki duka biyun, da sharaɗin za ka mayar da wanda ba ka ɓare ba. Kada ka yanke hukunci da awon tsofaffi. Sa sababbi na daidai tukuna ka auna, in wasa ya yi yawa sannan ka koma kan mai kauri. Wani yana ganin 0.35 sai ya ruga ya cusa masu kauri gefe biyu, karanshaf ya ƙi juyawa, ya dawo yana cewa kayana ba su da kyau.

Ka zo da mai kunnen da marar kunne ɗaya a aljihu, a ɗora a kan sabo a gani. Na injin silinda uku da na 4.203 ba girmansu ɗaya da naka ba, kuma a cikin leda duk kama suke yi. In ba ka samu a Funtua ba, Zariya ba nisa, in kuma ta ƙi, Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba za ka rasa ba. Ba kaya ne mai wuya ba, injin nan tun 1964 aka fara yinsa a Peterborough ta Ingila, kuma ya bazu ko'ina, daga tarakta har janareto.

Sarkin Sifana:

To Baba, na sara. Ni ban taɓa buɗe ƙasan Perkins na tarakta ba, da na motoci na kwatanta. Amma ina da tambaya ɗaya. Tunda ka ce gaba kuloci ke tura karanshaf, gefe ɗaya ke shan wahala ke nan. Da a ce yana daji ne babu kasuwa kusa, ba zai iya sa mai kunnen a gefen da ke ɗaukar nauyi, ya bar ɗaya gefen da rabi ɗaya ya lallaɓa ba?

Tsohon Fita:

Tambayarka ta fi shawararka ta farko. Gaskiya ne, ta baya ce ke ɗaukar nauyin kuloci, shi ya sa kullum ita ke riga cinyewa. Amma ta gaban ma ba zaman banza take yi ba, karanshaf yana kai-komo, kuma mai kaɗai ya isa ya ja rabin da ba a tare ba ya juya da shi. A daji ma da na gwammace in hau babur in yi kwana ɗaya a hanya. Shi kuwa ba a daji yake ba, Funtua yake.

Ɗana, abin da ka gani ya ba ni rabin amsa. Murfi ba ciwo, balansa lafiya, ke nan woshar tana wurinta har ranar da aka kwance injin. Marar kunnen da tsaginsa ya shafe na baya ne, mai kunnen da ke kamar sabo na gaba ne. Wadda ta ɓata ita ce ta baya ta ƙasa, kuma in ka same ta za ka tarar ta cinye kamar 'yar'uwarta.

Ka yi tunanin yadda ake kwance inji. An kifa bulok, ƙasansa na kallon sama. An ɗaga murfin tsakiya, woshar na manne da shi da mai, sai ta zame. Ina za ta faɗa? Ƙasa, cikin bulok. Idan mutumin bai riga ya fitar da fistin ba, me ke jiranta a ƙasan? Ina tsofaffin fistin ɗinka?

Zanen da ke kuncin baya, tunda farce ba ya maƙalewa, mayar wa masu yankan su goge shi kaɗan, kada su ci ƙarfe. Sannan in ka zo haɗa mota da inji, duba fedar kuloci. Wosha ba ta cinyewa haka a gefe ɗaya sai da dalili.

Ɗan Garejin Funtua:

Jama'a an gan ta.

Baba, lokacin da na karanta "ina tsofaffin fistin ɗinka" sai da gabana ya faɗi, don tun ranar farko na ware su ban wanke ba. Na ga sababbi zan sa, me zan yi da su. Muna cire kwanrod yaran suka watsa su cikin buhun ƙarafan da muke tara wa 'yan jari bola, kuma mai sayen ranar Asabar yake zuwa da kurarsa. Jiya Juma'a ce. Bayan an sauko daga masallaci na zazzage buhun a ƙasa. Fistin na farko ba komai, na biyu ba komai. Na uku, a cikin cikinsa, ga ta a tsaye ta jingina da bango, baƙin mai da ƙura sun binne ta, bakinta kaɗai ya leƙo. Sai da na sa filaya na zaro ta. Yaron da ya cire kwanrod ɗin ya rantse bai gan ta ba, kuma na yarda, don ni ma da ban san abin da nake nema ba da na ɗauka datti ne ya daskare.

Kamar yadda ka faɗa, kunnenta lafiya, amma tsagin ya shafe ƙaf, wani wurin har farin ƙarfen baya ya fara leƙowa. Na haɗa ta baki da baki da ta gaba, ido ma yana ganin bambancin kauri.

Yau da sassafe na shiga Zariya. Lambar injin da LD ta fara. Na karɓo na daidai da masu kauri bisa sharaɗin mayarwa, kamar yadda Mai Shago ya ce, na biya wurin masu yanka suka goge kuncin bayan da takarda mai laushi da mai, ko minti goma ba su yi ba. Da na dawo na sa huɗun na daidai, tsagi na kallon karanshaf, na duba sau biyu na kira babban yaron ya duba na uku. Na ɗaure murfi. Ban sami agogon awo ba, da fila geji na yi: 0.15 ya shiga, 0.20 ya ƙi. Karanshaf yana juyawa da hannu ɗaya. Masu kaurin suna cikin ledarsu, Litinin zan mayar.

Na je kan motar kuma na taɓa fedar kuloci da hannu. Babu wasa ko kaɗan, tun daga sama take da tauri. Wani ya ɗaure sandar har ƙarshen zarenta, wataƙila lokacin da kulocin ya fara ƙin saki. Bearin ɗin da ke tura kulocin ya yi shuɗi don zafi, in ka juya shi ƙara yake kamar an zuba masa yashi. Da direban ya zo da yamma na tambaye shi inda yake ajiye ƙafarsa ta hagu in yana haro. Ya ce a kan feda mana, ina kuma zai ajiye ta. Na ɗora masa woshar a tafin hannu na ce ga aikin ƙafarka. Dariya ya yi, bai yarda ba. Na gaya wa Alhaji sai an ƙara kuɗin bearin, ya yi faɗa, ya turo.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Yanzu da na jera duk notunan bokitin fenti a kan kwali, kowanne na san gidansa, ban da abu ɗaya. Wani sifirin ne mai tauri, tsawonsa kamar gaɓa biyu na ɗan yatsa, kaurinsa bai kai na biro ba. Ba na bawul ba ne, waɗannan sun cika a kan silinda. Na sandar roka ma suna wurinsu. Gobe nake son ɗaura balansa da kasko. Ko na birki ne ko na wata feda ya faɗo cikin bokitin?

Tsohon Fita:

Kada ka ɗaura kaskon. Je wurin famfon mai, akwai ɗan bawul da ke sakin mai idan ƙarfinsa ya yi yawa. Buɗe shi ka leƙa. In ka tarar da ɗan ƙarfen ciki yana yawo babu abin da ke tokare da shi, ka san gidan sifirin ɗinka. In kuma nasa yana ciki, ɗora wannan a kan kwali kusa da ashana ka ɗauko mana hoto.